INA RUWANKA DA NI?

Nasiha ga samarin Musulmi game da hankali da shaye-shaye

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya girmama shi da hankali, Ya aiko masa da manzanni domin kada ya sami hanzari ranar gobe. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, wannan 'yar nasiha da kai na ke yin ta. Iyaye da hukuma su ma akwai tasu, za ta zo a wurinta in Allah Ya so. Abin da ya sa na rubuta ta maganganu ne guda biyu da na ke yawan ji a bakin samari. Ta farko ita ce wadda mai shaye-shaye ya ke jefa wa duk wanda ya yi masa faɗa: "Ina ruwanka da ni? Jikina ne, kuɗina ne, ban taɓa na kowa ba." Ta biyu kuwa ta saurayin kirki ce, ɗan makarantar Islamiyya, mai sahun farko. In aka ce masa ga abokinsa can a kango ya yi mankas, sai ya ce: "Ni ba ruwana, na riga na fita harkarsa." Mai ta farko yana ganin 'yancinsa ya ke karewa, mai ta biyu yana ganin tsoron Allah ya ke yi. Ni kuwa ina ganin magana ɗaya ce aka raba ta biyu, kuma a tsakaninsu ne samarinmu su ke zubewa. To, mu zauna mu auna su da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna, da kuma abin da masana lafiya suka tabbatar. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

NA FARKO: HANKALIN NA WA NE?

Ka ce jikinka ne. To, bari in tambaye ka. Abin da ya ke mallakarka, ai ko dai ka saye shi, ko ka ƙera shi, ko ka gada. Hankalin nan a wace kasuwa ka saye shi? Nawa ka biya? Ka kwanta barci a ɗauke maka shi ba da shawararka ba, ka farka a mayar maka ba da roƙonka ba. Abin da a ke karɓa a ke mayarwa haka, sunansa ajiya.

Ka dubi ɗan Adaidaita Sahu da maigidansa ya ba shi mashin ya yi aiki ya kawo balas. Yana da ikon hawa, yana da ikon zaɓen hanya, ya ci abinci daga abin da ya samu. Amma ran da ya kwance inji ya sayar, ya ce ai a hannunsa mashin ɗin ya ke kwana, kowa ya san sunan da za a kira shi da shi. Haka hankalinka ya ke, amana ce, kuma Mai ita zai tambaya.

Ka sani, duk wani umurni da hani na Shari'a a kan hankali aka rataya shi. Hadisi ya zo a cikin Abu Dawuda cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, watau mai barci, da yaro, da mahaukaci. Mahaukaci ba shi da laifi, domin Wanda Ya ba shi ne Ya karɓe. Amma wanda ya sa kuɗinsa ya sayi hauka na awa shida, wannan ba shi da wannan rangwame. Ya jefar da amana da hannunsa, kuma abin da ya aikata a cikin mayen yana nan yana jiransa.

Malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Ka lura da kyau, hankali shi ne mai gadin sauran huɗun. In ya tafi, salla ta tafi, domin wanda bai san abin da ya ke faɗa ba ina shi ina ganawa da Ubangiji? Rai ya shiga haɗari, mutuncin gida ya zube, dukiya kuwa ba a ma maganarta.

Sa'an nan ka ce ba ka cuci kowa ba. Haba ɗan'uwa! Mahaifiyarka da ta ke zaune a kan buzu har ƙarfe biyun dare tana sauraren motsin ƙofa, ita ba kowa ba ce? Ƙanenka ɗan shekara 10 da ya ke kwaikwayon tafiyarka da maganarka fa? Fasinjan da ka ɗauka a bayan babur idonka na lumshewa fa? Ƙanwarka da manemi ya janye saboda an ce gidan 'yan ƙwaya ne fa? Mutum ba ya buguwa shi kaɗai. Shi ke sha, gida duka ke yin layi.

NA BIYU: "AI BA GIYA BA CE"

Wani zai ce: "Malam, giya aka haramta, ni kuwa ban taɓa sa ta a baki ba. Wannan maganin tari ne, wannan maganin gajiya ne, wannan kuwa ganye ne Allah Ya tsirar." Wannan ita ce tsohuwar dabarar Shaiɗan, a canza wa abu suna a bar aikinsa.

Allah Ta'ala Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya kuma faɗi dalili: tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana kange su daga ambaton Allah da salla. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya hau mumbari ya fassara wa jama'a ma'anar kalmar, ya nuna cewa duk abin da ya lulluɓe hankali ya shiga cikinta. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan. Kuma ya tabbata a cikin Abu Dawuda da Tirmizi cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Tabar wiwi ba ta yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai bayan zamanin limaman mazhabobi huɗu. Da ta bayyana, malamai irin su Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ba su tsaya neman sunanta a cikin aya ba. Suka dubi aikinta, suka yanke mata hukuncin giya. Haka za a yi wa kodin, da tiramol, da sholisho, da zaƙami, da ais, da duk wanda za a ƙirƙiro gobe.

Game da magani kuwa, akwai bambanci bayyananne. Wanda aka yi wa tiyata, likita ya rubuta masa ƙwaya da adadinta da kwanakinta, wannan magani ya ke sha, babu laifi a kansa. Amma wanda ya ɗaga kwalbar maganin tari ya shanye alhali ko kaki ba ya yi, ya san abin da ya ke nema, Allah kuma Ya sani. Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi, Ɗariƙu ɗan Suwaidu, ya nemi izinin yin giya domin magani, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna masa cewa ita kanta cuta ce.

Kada kuma ka ce kai ba ka sha, aikenka kawai a ke yi. Hadisin Tirmizi ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, a cikinsu har da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. To, dila ya shiga. Mai kemis da ke miƙo kwalba ta ƙarƙashin kanta ya shiga. Ɗan siyasar da ke raba wa samari ƙwaya ranar taro domin su yi masa jagaliya, 'ya'yansa kuwa suna makaranta a ƙasar waje, shi ma ya shiga, ko da shi ya gina masallacin unguwa.

NA UKU: YADDA TA KE KAMA MUTUM

Wannan bala'i ba ƙarami ba ne. A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun yi bincike a Nijeriya. Suka gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, watau mutum ɗaya cikin bakwai, ban da masu giya da taba sigari. Masu wiwi miliyan 10.6, masu ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Ɗaya daga cikin kowane huɗu kuwa mace ce. A watan Mayu na 2018 ɗin Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda a ke fataucinsa. Hukumar NDLEA tana nan tun 1989 tana kamawa tana ƙonawa. Duk da haka abin bai ƙare ba, domin doka tana iya rufe shago, amma ba ta shiga zuciya.

Babu wanda ya fara da niyyar zama ɗan ƙwaya. Wani lebura ne, aka ce masa in ya haɗiyi ɗaya zai buga bulo har la'asar bai gaji ba. Wani ɗalibi ne mai son ya kwana yana karatu. Wani kunyar 'yammata ke damunsa. Wani kuwa a majalisa aka ce masa, "Kai har yanzu yaro ne," ya ji ba zai iya ɗaukar gori ba. Kowannensu ya ce sau ɗaya ne.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Kodin in ya shiga, hanta tana juya wani sashe nasa ya koma mofin, watau ɗan'uwan hiroyin. Ƙwaƙwalwa ta ji daɗin da ba ta saba ji ba, sai ta rage nata na asali domin ta daidaita. Gobe ƙwaya ɗaya ba ta isa ba, sai biyu, jibi sai huɗu. Daga nan an wuce shan jin daɗi. Ran da bai samu ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga gudawa, ga rashin barci, ga zafin rai. Yanzu yana sha ne domin kawai ya iya miƙewa kamar sauran mutane. Wanda ya ce 'yanci ya ke nema ya wayi gari ba ya iya karyawa sai da izinin dila.

Tiramol da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babban mutum ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Na bayan fage kuwa ƙwaya ɗaya 225 ce ko 250. Ka yi lissafi da kanka: biyu kacal sun tsallake iyaka. Shi ya sa ka ke ganin saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. In aka haɗa ta da ƙwayar barci, numfashi ya kan yi ta raguwa har ya tsaya, a wayi gari a ce ya kwanta lafiya bai tashi ba. Sholisho kuwa ƙwaƙwalwa ya ke ci kai tsaye. Wiwi, wadda a ke raina wa, masana sun tabbatar tana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya.

Kuma ka san wani abu? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke gaban goshi, mai auna abu kafin a aikata, shi ke zuwa ƙarshe. Watau a daidai lokacin da a ke ɗora maka ginin ne ka ke zuba wa simintin gishiri.

NA HUƊU: "DON IN MANTA DA DAMUWA"

Wannan hanzari ya fi sauran nauyi, kuma ba zan yi masa dariya ba. Na san akwai saurayin da ya gama makaranta shekara biyar babu aiki. Akwai wanda aka saki uwarsa ya tashi a hannun kishiya. Akwai wanda 'yan bindiga suka kashe mahaifinsa a gabansa. Akwai wanda yarinyar da ya ke so aka ba mai kuɗi. Wanda ya ce wa irin waɗannan, "Rashin imani ne ke damunku," bai yi adalci ba, kuma bai karanta tarihi ba.

Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Suratu Yusufa ta ba mu labari, kuma wannan bai rage masa annabci ba. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki su ke kiranta. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. Ashe damuwa ba abin kunya ba ce. Abin tambaya shi ne inda ka kai ta.

Ƙwaya ba ta biyan bashi, ba ta dawo da mamaci, ba ta kawo takardar ɗaukar aiki. Rance ta ke ba ka na awa kaɗan, ta karɓa da riba. Ka farka damuwar tana nan inda ka bar ta, ga kuma sabuwa ta zauna kusa da ita.

Ka kai ta wurin Allah da salla da addu'a da karatun Alƙur'ani. Ka kai ta wurin mutum mai amana, ka buɗe baki ka faɗa, domin ciwon da aka rufe shi ke ruɓa. In kuwa ka ga ka yi mako biyu ko fiye zuciyarka a ƙuntace, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da ka ke so da ya fita daga ranka, ko ka fara jin gara ka mutu, to wannan ciwo ne mai suna, likitoci sun san shi, kuma yana da magani. Ka gaya wa wani a yau ɗin nan, kada ka kwana da shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. Zuwa can bai sa ka zama mahaukaci ba, kamar yadda zuwa asibitin ido bai sa ka zama makaho ba. Buhari ya ruwaito cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Ruƙiyya ta Shari'a da maganin likita ba kishiyoyi ba ne. Abin da aka hana ka shi ne zuwa wurin boka da ɗan bori da mai tsubbu, a karɓe kuɗinka a haɗa da imaninka.

NA BIYAR: MAI LAIFI NE KO MARAR LAFIYA?

A nan mutane suka rabu biyu. Wasu sun ce ɗan ƙwaya mai laifi ne kawai, a doke shi, a ɗaure shi, a tsine masa. Wasu sun ce marar lafiya ne kawai, kada a ce masa komai. Gaskiya ta ɗauki wani abu daga kowane ɓangare. Ƙofar da ya shiga ta saɓo ce, da ƙafarsa ya shiga, kuma tuba ta wajaba a kansa. Amma ɗakin da ya sami kansa a ciki na cuta ne, wanda ihu da bulala ba su fitar da mutum daga cikinsa. Wanda ya yi ganganci ya faɗa rijiya ya karye, za a gaya masa gangancinsa, amma sai an jefa masa igiya tukuna.

Ka ji yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi. Buhari ya ruwaito daga Umar labarin wani mutum mai suna Abdullahi, mai barkwanci ne, ya kan ba Annabi dariya. An sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa hukunci. Wata rana da aka sake kawo shi, wani daga cikin jama'a ya tsine masa saboda yawan kawo shi da a ke yi. Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. A wani hadisin kuma, da aka yi wa wani mashayi mugun baki, ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Dubi wannan ma'auni. Ba a ɗage hukunci ba, ba a ce abin da ya yi daidai ne ba, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Nana A'isha ma ta bayyana, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari. Sai da aka gina zukata da ambaton Aljanna da Wuta, sa'an nan hukunci ya zo daki-daki: Baƙara aya ta 219, Nisa'i aya ta 43, sai Ma'ida. Haramcin ya riga ya tabbata, babu mai sassauta shi yau. Amma darasin tarbiyya yana nan: zuciya a ke fara kamawa.

Mu kuwa me muka yi? A shekarar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, da tabon duka a baya. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu domin a gyara su. Wannan ba Sunna ba ce, ko da an rubuta sunan makaranta a ƙofar. Mari yana riƙe ƙafa, amma ran da aka kwance shi, ƙafar ta san hanyar kango.

NA SHIDA: "NI BA RUWANA"

Yanzu na juyo gare ka, ya kai wanda Allah Ya tsare. Ka gode Masa, domin ba wayonka ba ne. Amma bari in ba ka labarin da har yau ya ke ci mini rai. Akwai wani yaro a unguwarmu, tare da mu ya ke sahu, ya haddace izu goma. Ya shiga aikin gini, aka koya masa tiramol. Da labari ya fito, sai muka ja jiki. Wanda ya ke ba shi hannu ya koma ɗaga masa daga nesa. Ran da ya faɗi aka kwantar da shi asibiti, ka san waɗanda suka fara zuwa dubiya? 'Yan kangon nan ne, da ɗan burodinsu da lemo. Mu 'yan masallaci sai a rana ta huɗu muka je. To, in ya warke, wurin wa zai koma?

Manzon Allah (S.A.W.) ya buga misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka yi niyyar huda wurinsu domin su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. In aka bar su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ka ga mai hudawa cewa ya ke wurinsa ne, ina ruwan wani. Na sama in ya ce ba ruwansa, ruwan zai zo ya same shi har inda ya ke. Unguwa jirgi ɗaya ce. Wayar da za a ƙwace ta ƙanwarka ce, wanda za a koya wa gobe ƙanenka ne.

Za ka ce an hana zama da abokin banza. Gaskiya ne, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya je ya zauna a majalisarsu ana busawa yana dariya, da wanda ya je gidan abokinsa da safe ya ce, "Taso mu je." In ka san ƙafarka ba ta da ƙarfi, kada ka je kai kaɗai, ku je ku biyu ko uku.

Kada kuma ka ce kai yaro ne, wannan aikin manya ne. Ran da aka haramta giya, Anas ɗan Malik yana matashi, shi ke zuba wa manya a gidan Abu Ɗalha, kuma da hannunsa aka tuntsurar da tulunan har ta kwarara a lungunan Madina. Mus'abu ɗan Umairu saurayi ne ɗan gata, shi aka aika Madina kafin Hijira, a hannunsa Sa'adu ɗan Mu'azu ya musulunta. Usamatu ɗan Zaidu bai kai shekara 20 ba aka ba shi tutar rundunar da manyan sahabbai ke ciki. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi. Kuma akwai abin da ka ke da shi wanda liman ba shi da shi. Liman sai abu ya lalace ya ke ji. Kai kuwa tun makon farko ka ga idon abokinka ya canza, ka san wanda ya daina zuwa ƙwallo, ka san wanda ya fara cin bashin da ba ya biya. Maganar da zai toshe kunne in ta fito daga bakin dattijo, daga bakinka zai saurara.

NA BAKWAI: ABIN DA ZA KA YI

1. Ka fara da kanka. Ka shirya amsarka tun kafin a miƙo maka, gajeriya ba tare da kame-kame ba: "Na gode, ba na sha." Gorin minti biyar ya fi jinyar shekara biyar sauƙi.

2. Ka zaɓi mutum ɗaya. Ba a ce ka gyara gari ba. Ka same shi a keɓe, lokacin da ya ke cikin hayyacinsa, domin wa'azi ga wanda ya bugu zubar da ruwa ne a rairayi. Ka tambaye shi abin da ke damunsa, ka yi shiru ka ji.

3. Ka rufa masa asiri. Kada ka ɗauki hotonsa yana layi ka watsa a waya. Amma in ransa na cikin haɗari, sanar da wanda zai iya taimako ba tonon asiri ba ne.

4. In ya yi nisa, ku raka shi asibiti. Wasu ƙwayoyin, musamman na barci, yanke su farat ɗaya yana iya kawo jijjiga mai haɗari, sai likita ya riƙa ragewa sannu a hankali. Wanda kuma kuka tarar ya suma, numfashinsa na fita da ƙyar, ku kwantar da shi a gefensa, kada ku ɗura masa madara ko manja, ku garzaya da shi.

5. In ya bari ya sake komawa, kada ka ce ka gaji. Sau nawa aka kawo Abdullahi gaban Annabi? Ka kuma gargaɗe shi cewa adadin da ya saba sha da, bayan ya yi kwanaki bai sha ba, yana iya kashe shi.

6. Ku cike masa lokaci. Wanda aka raba da kango ba a ba shi wurin zama ba, zai koma. Ku samarin masallaci ku buɗe karatun dare, ku kafa ƙungiyar ƙwallo, ku shiga aikin agaji da gyaran maƙabarta da yashe kwata, ku roƙi masu sana'a, tela da kafinta da makanike, kowa ya ɗauki yaro ɗaya. Ku ba wanda ya tuba aiki a hannu, ko da riƙon makullin ɗakin tabarmi ne, domin wanda aka amince wa ya kan ji kunyar cin amana.

7. Mai sayarwa kuwa kada ku ɗauki doka a hannunku. Ku haɗa kai da mai unguwa da dattawa a kai maganarsa ga hukuma.

KAMMALAWA

Ya kai wanda ya ke cikin wannan hali, ka tambaye ni ina ruwana da kai. Ruwana da kai shi ne kalmar shahada da ta haɗa mu, da alƙibla ɗaya, da jirgi ɗaya. Ƙofar tuba a buɗe ta ke muddin rai bai zo maƙogwaro ba, kuma wurinka a sahu babu wanda ya gaje shi. Ka yi wanka ka zo, ko jiya ka sha.

Kai kuma da Allah Ya kiyaye, akwai sunan da ya faɗo maka a rai tun kana karanta wannan takarda. Kada ka bari Juma'a ta zagayo ba ka taka ƙofar gidansu ba.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu. Allah Ya shiryi samarinmu da 'yammatanmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya sanyaya zukatan iyayensu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.